Ranar da Na Ɓoye Firizar Hajiya

Ni dillalin filaye ne a Jimeta, kuma ba a saba yi mini wayo ba. Da aka ce gwamnati za ta ba gidaje tallafin sola, ma'aikata za su zo duba gida, sai na ce na san wannan harkar. Tun lokacin da 'yan gudun hijira suka cika gari na lura cewa wanda ya fi nuna talauci shi ake fara ba.

Na sa aka kwashe fankoki da talabijin da firizar da matata Hajiya take yin ƙanƙarar sayarwa da ita, aka kai gidan maƙwabcina Malam Yohanna. Hajiya ta ce, "Alhaji, kasuwata fa?" Na ce ta yi haƙuri, sola na tafe.

Ranar dubawa ban so a ga tsatsar da firiza ta bari a siminti ba. Na shimfiɗa tabarma a kai, na zauna, ko gaisuwa ban tashi ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, kayan wutar ke nan?" Na marairaice na ce ƙwan fitila biyu ne kawai.

Ashe gwargwadon kayan wutarka ake auna maka sola. Aka ba ni farantin sola ɗaya kamar tiren shayi. Malam Yohanna kuwa, da aka ga firiza biyu a falonsa, rufinsa ya cika da farantan sola.

Har yau in zafi ya tsananta, sai ya leƙo ta katanga: "Alhaji talaka, a miƙo ruwan sanyi?"