Fulin Motar Suruki

Wani ne surukinsa ya damƙa masa babbar motar dizal, an cika ta maƙil da ƙanƙara a buhuna, ya ce ya kai wa masu kifi kafin rana ta take. Ya kuma ja masa kunne: in kayan nan suka narke, ya nemi wani aikin.

Bai yi nisa ba injin ya kama rawa. Sitiyari na kaɗawa, madubi na kaɗawa, har haƙoransa na haɗuwa. Da ƙyar ya lallaɓa ya shiga wani gareji.

Bakanike ya leƙa, ya kwance wani ƙarfe mai nauyi, zagayayye kamar faranti, daga gaban injin, ya yi masa alama da alli.

"Ka ga wannan? Fuli ke nan. Robar da ke tsakiyarsa ita ke shanye girgizar inji, ga ta nan ta tsage. Ɗauki ka je layin masu kayan mota, ka ajiye shi kusa da nasu, ka kawo min irinsa. Ka yi sauri, motarka ta fara zufa."

A lura da kyau, bayanin nan ba shi da wani lungu. Amma mutumin naku ya rungumi ƙarfe ya tafi.

A shagon farko aka ciro masa sabo dal daga kwali. Ya jera su. Ya ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana, ya sansana, ya ɗaga ya duba a rana.

"Wannan ba irinsa ba ne."

"Malam, shi ne. Girma ɗaya, ramuka ɗaya."

"To ina tsagar?"

"Wace tsaga?"

"Nawa robarsa a tsage take. Naka a liƙe. Ka ga na yi maka kama da wanda za a cuta?"

Mai shago ya ce, "Bawan Allah, tsagar ce fa ta kawo ka."

"Ita ta kawo ni, kuma ban gan ta ba!"

Haka ya bi layin nan kaf, yana raina wa mutane kaya. Ƙarshe wani ya gaji ya nuna masa rumfar mai tsofaffin ƙarafa, can bayan layi.

Nan ya tarar da fuli tsibi guda, duk baƙi ƙirin da mai. Ya ɗora nasa a kan tsibin, ya naɗe hannun riga, ya hau tono. Ya jefa wannan nan, ya jefa wancan can, har tsibin ya koma kansa ƙasa. Can sai ya daka ihu.

"Ga shi! Wallahi ga shi! Dubi tsagar! Har inda guduma ta taɓa shi!"

Mai rumfa, wanda shi kansa bai san abin da ke cikin tsibinsa ba, ya ce, "Kai, kana da ido." Aka yi ciniki, ya biya.

Sai ya juya neman tsohon da ya zo da shi. Babu. Ya sake tono, babu.

"Ina nawa?"

"Ni na riƙe maka?"

"A gabanka na ajiye! Ba zan bar nan ba sai an fito min da haƙƙina!"

Mutane suka fara taruwa. Mai rumfa ya ga abin zai zama tashin hankali, ya zari ɗaya daga tsibin ya dangwara masa. "Ungo, je ka, Allah ya raka taki gona."

Ya dawo gareji da ƙarfe biyu, yana haki. Ƙasan motar ya zama tafki, agwagin maƙwabta har sun iso.

Bakanike ya karɓi wanda aka sayo, ya juya shi, ya ga alamar allin da ya yi masa da hannunsa.

"Kai! Wannan ai naka ne!"

"Nawa ne mana. Na biya."

Bakanike ya dafe kai. Ya duba ɗayan, ya ga robarsa lafiya ƙalau. "To alhamdu lillahi, wannan zai yi. Kawo in ɗaura."

Mutumin ya fizge. "Na kyauta za ka saka wa motar surukina? Wanda na saya za ka ɗaura!"

Suna cikin ja-in-ja sai ga surukin a kan babur. Ya sauko, ya leƙa bayan mota, ya ga buhuna a kwance kamar wanki.

"Ina ƙanƙarata?"

Bakanike ya ce, "Baba, kana tsaye a ciki."

Aka kwashe labari aka gaya masa. Tsohon ya dubi ruwa, ya dubi ƙarfe, ya dubi mijin 'yarsa.

"Wato ka narkar min da kaya don ka je ka sayo min abina?"

Mutumin ya durƙusa cikin ladabi. "Haba Baba, duk kasuwar nan shi kaɗai ne aka taɓa gwadawa a motarka."