Shafi na Huɗu

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da irin aika-aikar da na yi wa gidanmu da biro ɗaya ba. Shekara uku ina zaune a Gwandu da difloma a akwati, ina burin zama mai rubuta bayanan zaman kotu. Hannuna yana da sauri, wannan kam ko maƙiyina ya sani, ni kuma na fi kowa sani (nan matsalar take).

Wani abokina ya ce in ɗora takardar tarihin karatuna a shafin neman aiki na intanet, in haɗa da samfurin aikina. To, wanda bai taɓa taka kotu ba, ina zai samo samfuri? Sai ga zaman sulhu ya faɗo a zaurenmu. Babana da ƙanensa, Baffa Sani, sun shekara biyu ba sa ga maciji kan wata gonar fadama a Maruda da kakanmu ya bari, liman ya zaunar da su. Na raɓe a gefe da littafi, kowa ya ɗauka sunayen shaidu nake rubutawa. Ni kuwa ko tari aka yi sai na sa.

Aka shirya, Baba ya bar wa Baffa gonar. Liman ya ce duk abin da aka faɗa an binne shi a zauren nan, aka shafa fatiha. Na shafa tare da su, da hannun da ya rubuta shafi shida.

Washegari na hau mota zuwa Kalgo, aka buga mini a shagon kwamfuta. Na yi wayo a ganina: Baba ya koma "mai ƙara", Baffa "wanda ake ƙara". Amma na bar Maruda, na bar giginya biyu na bakin gonar, na bar "kai, jama'a!" da Baffa yake buɗe kowace magana da ita. Da zai ɗora a intanet, mai shagon ya tambaye ni ko kowa ya gani ko masu ɗaukar aiki kawai. Na ce kowa mana, ai ba kayan sata ba ne.

Sati uku babu kotun da ta kira. Wanda ya gani shi ne Nasiru ɗan Baffa, da ke karatu a Kalgo. Ya nemo sunana don ya kwafi tsarin takardata, ya karanta, ya buga a takarda, ya kai wa ubansa.

Aka kira ni zaure bayan la'asar. Baba, Baffa, liman, da takardu a kan tabarma.

"Ɗana, zamna," in ji Baffa. "An ce kai ne gwanin rubutu. Karanta muna shafi na huɗu."

Na ɗauka, na buɗe shafin. Na manta sarai cewa a ranar sulhun Baffa ya fita alwala, Baba ya sunkuya ya yi wa liman magana ƙasa-ƙasa, ni kuma biro bai tsaya ba. Har na rubuta da kyau: wanda ake ƙara ya fita, mai ƙara ya ci gaba.

"Baffa, don Allah..."

"Karanta. Ba ka so duniya ta ji? To mu ma duniya ne."

Na karanta da bakina, a gaban mahaifina: "Malam, na bar mishi don darajar uwarmu, amma shi da 'ya'yanai haram za su ci har su mutu."

Baffa ya juya ga Baba.

"Yaya, hakanan kac ce?"

Na yi fatan Baba ya ƙaryata ni, wallahi da na yarda ni maƙaryaci ne. Amma ya dubi ƙasa ya ce, "Yaron bai ƙara komi ba." Wannan ita ce shaidar ƙwarewa ɗaya tilo da na taɓa samu, kuma ta fi mari zafi. Liman ya dube ni ya ce, "Abin da munka binne da fatiha, kai kat tone shi don neman aiki?"

Na goge takardar daga shafin a ranar, amma an riga an yi ta yawo da ita a wayoyin dangi. Baffa ya ce ba zai noma gonar da aka kira haram ba sai alƙali ya wanke shi, ya shigar da ƙara. Baba ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata da fiye da "lahiya" ba. Har yau 'yan'uwan nan biyu masallaci daban-daban suke salla, kuma ni na raba su.

Yanzu duk ranar zaman shari'arsu ina bencin baya a kotu, ina kallon wani mutum mai sanyin hannu yana rubuta bayanan zaman. Shafukana shida suna gaban alƙali a matsayin shaida, su dai sun samu shiga kotu. Na kuma lura da abin da difloma ba ta koya mini ba: duk sanda alƙali ya ɗage zama, mutumin nan rufe bironsa yake yi.