Kunnen Zinariya Ya Ɗauko Darakta

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar kunne, to a fara da mataimakin shugaban sashen mulki, a kuma tsaya a kansa. Sauran mutane ji kawai suke yi. Shi saurare yake yi, kuma yakan bayyana bambancin ga duk wanda tsautsayi ya haɗa su a matakala. Shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Kunnen Zinariya. Da sunan ya iso gare shi sai ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san wata rana za a gane.

Motarsa ta ga shekaru. Ƙofar baya sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa, tayoyin kuma sun yi sanƙo. Amma wannan damuwar ƙananan direbobi ce. Babban mutum abin da ke cikin but yake dubawa, kuma a nasa but ɗin akwai sabuwar amfilifaya, na'urar ƙarfafa sauti, mai girman akwatin tafiya.

Mai haɗa sautin da ya kai wa aikin dattijo ne marar yawan magana, shekararsa ashirin a sana'ar. Ya kunna waƙa, ya ɗaga muryar rediyo ta wuce rabi, ya sa sukudireba a wani ɗan maɓalli a jikin amfilifayar yana murɗawa a hankali. Da sautin ya fara dishewa sai ya dawo baya kaɗan, ya tsaya. Ya ce wannan maɓallin gen ake kiransa, kuma ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita abin da rediyo ke aikowa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka. In aka kai shi ƙarshe, ko muryar rediyo na kan ɗaya sai ta yi tsawa.

Kunnen Zinariya ya yi murmushin tausayi.

"Malam, kai waya ka sani, ni kuwa sauti na sani. Kamfanin da ya ƙera wannan na'ura ba mahaukata ba ne. Da ba su so a kai maɓallin ƙarshe ba, da ba su yi masa ƙarshe ba."

Ya karɓe sukudireban, ya murɗe maɓallin har ya ƙi motsi. Dattijon ya goge hannunsa da tsumma.

Saura ƙananan sifikun nan masu fitar da siririn sauti, waɗanda masu sana'ar ke kira tuwita. Dattijon ya so ya kafa su a gaba, gefen gilashi, daidai tsayin kunne, yadda kowa a motar zai ji kamar mawaƙin na gabansa. Mataimakin ya ce motarsa ba ta kowa ba ce. A kai su baya, a auna su kan kujerar dama, inda manya ke zama. Zuwa ranar, babban da ya taɓa zama a kujerar nan tukunyar gas ce.

A gida ya ƙarasa aikin da kansa. Ya zaunar da matarsa a kujerar, ya sa mata filo biyu don ta kai tsayin babban mutum, ya yi ta gwada kunnuwanta da tef ɗin tela. Awa guda tana cikin rana yana karkata tuwita, yana tambaya ko ta ji numfashin mawaƙin. Ta ce ta ji, har a haƙoranta. Ya ce to an zo wurin.

A wannan watan ne kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa. Mutum biyu ake dubawa: shi, da wata ma'aikaciya wadda ba ta da wata baiwa sai zuwa aiki a kan lokaci da gama shi. Sa hannun darakta kawai ake jira.

Sai ga dama ta faɗo. Ranar da darakta zai tafi filin jirgi, motar ofis ta ƙi tashi. Kafin direban ya rufe bonet, Kunnen Zinariya ya riga ya buɗe ƙofar baya yana rusunawa. Darakta, tsoho mai sanyin hali da ya kusa ritaya, ya duba agogo, ya shiga.

Tun daga bakin get aka fara lacca. Ya bayyana wa darakta cewa shugabanci da sauti abu ɗaya ne, duka kunne suke buƙata. Ya kunna rediyo a kan biyu. Madubin gaba ya ɗauki rawa, wayar mataimakin ta zame daga dashbod ta shige ƙarƙashin kujera. Darakta ya toshe kunne da yatsa, ya roƙi a kashe waƙar.

Suna shiga shataletale wayar ta yi ƙara ta cikin sifiku, don a haɗe take da rediyon. Matarsa ce. Da mai ƙaramar basira ne, da ya bari ta katse.

"Ranka ya daɗe, bari ka ji yadda muryar ɗan Adam take fita a motar da aka yi wa aikin ilimi."

Ya danna amsa.

"Baban yara, ka sauke tsohon?" Muryarta ta cika motar, garau, kamar tana zaune a kafaɗar darakta. "Ka tura masa takardar ƙarin girman naka kuwa? Kai ka ce ba ya karanta abin da yake sa wa hannu, in ya fara gyangyaɗi ko takardar kantin magani aka ba shi sa hannu zai yi."

Mataimakin ya kai hannu ya rage murya zuwa ɗaya. Ba abin da ya ragu. Ya lalubi wayar da ƙafa, ya taka birki, na baya ya danna masa hon.

"Kuma don Allah kar ka kunna masa wannan masifar taka," in ji ta. "Ka ce rabin kurma ne, kar ka ƙarasa shi."

Sai a lokacin yatsansa ya samu maɓallin kashewa. Sauran tafiyar minti ashirin ce, kuma a karon farko tun da aka yi mata aiki, motar ta yi tsit. Gumi ya jiƙa masa kwalar riga.

A filin jirgi darakta ya tokare ƙofar da kansa ya fito, ya ɗauki jakarsa. Ya sunkuyo ta taga.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce a hankali. "Ni da rabin kunne, ban rasa kalma ko ɗaya ba."

Da ya dawo daga tafiya ya sa hannu a takarda biyu. Ɗaya ta ba ma'aikaciyar kujerar. Ɗaya ta mayar da Kunnen Zinariya ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli a ƙasan bene. Sakatariya ta ce duka biyun sai da ya sa tabarau ya karanta su layi-layi.