Tayoyin Warwick Sun Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, Warwick Dunstan na garin Burnie yake sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da 'yan ƙungiyarmu ta tseren motoci, rasuwar tayoyinsa guda huɗu. Sun cika ranar Lahadin da ta wuce a filin tsohuwar kasuwar shanu, biyu da hantsi, biyu da yamma, suna bakin aiki, a gaban jama'a. Shi ya so rubuta wannan sanarwa da hannunsa, amma duk layin da ya fara sai ya yage takardar. Don haka ya zauna a gareji yana faɗa, mu kuma muna gyara masa duk inda ya kauce wa gaskiya.

Mamatan ba tsintuwa ba ne. Warwick ya kwashe hunturu guda yana zaɓensu. Taya yake nema wadda za ta kai tsohuwar Datsun ɗinsa wurin aiki ranar Litinin ba tare da ƙorafi ba, ranar Lahadi kuma ta manne wa jiƙaƙƙiyar kwalta kamar kaska. Ya ƙi masu taurin roba, ya ce santsi ne da su. Ya ƙi masu sulɓi irin na tseren rani, ya ce da ruwa ya kwanta sai su kama iyo. Ya yi musu a intanet da mutanen da bai taɓa gani ba, har da wani ɗan garin Alice Springs da ke tsakiyar hamada, wanda in ya ga ruwan sama sai ya ɗauki hoto. A ƙarshe ya tsaya a kan masu laushi, masu zurfin zane irin na ƙashin kifi. Ranar da suka iso ya durƙusa ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Noelene ta ce ko ranar da aka miƙo masa ɗansu na fari bai yi wannan fuskar ba.

Duk wannan wahala saboda abu ɗaya ce: Kofin Ruwa. Shi ne kofin da ƙungiya take bayarwa a tsakiyar hunturu, wanda a garinmu lokacin ruwa ne, ranar da sama ta fi zubowa. Kowa zagaye ɗaya gare shi tsakanin jajayen hulunan robar da ake jerawa, agogo ne alƙali, in ka buge hula a ƙara maka lokaci. Warwick ya zo na biyu har mun gaji da yi masa jaje. Da hannunsa ya kafa wa kofin kantar katako a falo, kuma hoton bikinsu ya sauke kafin ya sami wurin kafa ta. Kantar ta daɗe ba komai a kanta sai ƙura.

Wanda ya san mamatan zai shaida halinsu. Masu haƙuri ne a kan ramuka, masu kawaici a kwana. In suka ratsa ruwa muryarsu "shhhhh" ce, kamar uwa tana lallashin jariri. In an matsa musu sukan ce "kiik" sau ɗaya, a taƙaice, ba su da dogon surutu. Aibinsu ɗaya, kuma shi ne aibin duk wani mai laushi: titi yana cin su. Shi ya sa Warwick ya hana a je kasuwa da su, ya hana a ɗauko surukarsa da su, yana zagaye kwalbar da ta fashe kamar mai gudun maciji. Amma wurin aikinsa kullum da su yake zuwa, don a gani.

A nan dole mu taɓo maganar da maigidan mamatan ya roƙe mu mu tsallake. Shi da Noelene da mota ɗaya suke shiga gasa, ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk shekara, in an zo layi, sai ya buɗe mata ƙofa ya rusuna ya ce, "Mata a gaba. Ki lallaɓa su kawai, kar ki matsa musu." Matan ƙungiya har zungurar mazajensu suke yi, suna cewa su koyi ladabi. Mu mazan kuwa sai mu kalli ƙasa, don mun san abin da ke ƙarƙashin ladabin. Roba mai sanyi ba ta kama kwalta. Direban farko shi ke shan santsi, na biyu ya tarar da tayoyi da ɗuminsu. Mun sani, mun yi shiru, kuma ba abin alfahari ba ne.

Ajali ya fara sallama ne a rumfar gashin sosej. Warwick yana tsaye da burodi a hannu, albasa na zubo masa a riga, yana ba Tevita shawara. Tevita sabon shiga ne, mai gyaran famfo, shi ma mota ɗaya suke shiga da mijin ƙanwarsa.

"Mutumina," in ji Warwick, "ka taɓa ganin an gasa nama a kan ƙarfe mai sanyi? Kar ka kuskura ka fara shiga. Tura surukin naka ya ɗumama maka. Ni ka ga Noelene? To ita ce murhuna."

Tevita ya daina tauna. Ba Warwick yake kallo ba, bayan kafaɗarsa yake kallo.

"Ga shayinka, maigida," in ji Noelene, ta miƙa masa kofi. "Sha da zafinsa. Na san ba ka son abu mai sanyi."

Da aka kira lambarsu, ita ta riga shi kama ƙofa. Ta buɗe, ta rusuna, ta ɗaga murya yadda har mai riƙe da agogo zai ji: "Jama'a, shekara da shekaru bawan Allahn nan yana sa ni a gaba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Yau shi ne a gaba." Mata suka kaure da tafi. Warwick ya duba hagu, ya duba dama, ya ga babu yadda zai ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Ya shiga.

Rashin lafiyar gajeriya ce. A kwanar hanya ta uku, bayan motar ya ce shi ma yana son ganin gaba. Datsun ta juya, ta sake juyawa, huluna suka tashi sama kamar an jefa dutse cikin kaji. Warwick ya danne birki iya ƙarfinsa, motar ta ja jiki har ƙarƙashin tsohuwar rumfar shanu, inda siminti yake a bushe, kaushinsa kamar dutsen niƙa. A nan tayoyin gaba biyu suka yi kukan da ba mu taɓa ji daga bakinsu ba, "kiiiiiiiii," mai tsawo, mai ban tausayi. Simintin ya kankare musu gefe guda har ya kusa taɓa waya.

Ya dawo layi fuska ba jini. "Sun mutu," ya ce wa matarsa. "Kar ki wahalar da kanki."

Noelene ta dafa tayar gaba, ta dafa ta baya. "Kai, amma ka iya aiki," ta ce. "Ji ɗumi!"

Ba wanda ya ce mata ta lallaɓa, ita ma ba ta tambaya ba. Na gaba suna "ɗum-ɗum-ɗum" saboda raunin da ke jikinsu, sitiyari na girgiza mata hannu, amma ko hula ɗaya ba ta motsa ba. Sai a ranar muka gane cewa duk shekarun nan rabin ƙafa take taka totur. Mai agogo ya duba agogonsa, ya girgiza shi, ya sake dubawa. Warwick ya yi gaskiya tun farko: waɗannan tayoyi ne masu cin Kofin Ruwa.

Na baya biyu sun cika da yamma. Al'adarmu ce wanda ya ci kofi ya je kan busasshen siminti ya yi juyi wuri ɗaya har hayaƙi ya tashi. Yawanci sau ɗaya ake kewayawa, a ɗaga hannu, a fito. Noelene ba ta fito ba. Warwick yana bakin shinge yana ihu, "Ya isa! Robar mai laushi ce!" Kalmar ƙarshe da ta fito daga bakin ta hagu ita ce "fash." Ta dama ta bi 'yar uwarta da "fussss," a hankali, kamar mai ajiyar zuciya. A kan tirelar Tevita aka mayar da gawarwakin gida.

Mamatan sun bar ƙanwa ɗaya, safaya, wadda ke zaune a but ba ta taɓa taka ƙasa ba. Sun bar wiluka huɗu tsirara a kan bulo, da ma'aunin iska wanda yanzu ba shi da mai aunawa. Sun bar Warwick. Sun kuma bar kofi a kan kantar falo, ya zauna daram kamar don shi aka auna ta, da sunan Noelene Dunstan a jikinsa. Hoton biki ya koma bango, sama da kofin kaɗan. Game da magada, Noelene ta ce a sake kawo irinsu sak, don zaɓen taya kam ba ta taɓa raina mijinta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidan mamatan. Ba za a binne su ba. Noelene ta wasa wuƙa, za ta yanka su ta mayar da su agwagin ado masu dogon wuya, irin waɗanda kakarta take yi, a shafa musu farin fenti, a jera su a ciyawar ƙofar gida suna kallon titi. Warwick ne zai riƙa yanke ciyawar da ke kewaye da su. Ba a buƙatar furanni. Masu ta'aziyya su zo da abin shansu, kuma kada kowa ya tambayi yadda abin ya faru, an riga an faɗa.

Za a ɗauko gawarwakin daga gareji zuwa ciyawa a jere. Ana roƙon masu rakiya su bar Warwick ya wuce gaba. Noelene ta ce gara ya fara sabawa, don ta riga ta ba da sunayensu a gasar baɗi, kuma nasa ne a sama.