Rasuwar Matatar Hayaƙin Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai warin ɗanyen fetur, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya kwana biyu yana toshe kunne a unguwarmu, rasuwar matatar hayaƙin motar Baba, wadda masu gyara suke kira katalis. Ta rasu ranar Larabar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a garejin da ke bayan gidan mai, bayan shekara goma sha tara tana aiki a ƙarƙashin motar. Ba ta yi jinya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, kuma zan zo kansa.

Da yawa daga cikinku ba su taɓa ganin marigayiyar ba. Ni ma ban gan ta ba sai ranar da aka fito da ita. A tsakiyar bututun salansa take zaune, cikinta kamar saƙar zuma, aikinta kuwa ta karɓi hayaƙi mai guba daga inji, ta tace shi, ta sake shi ba tare da ya cuci kowa ba. Mai kawaici ce. Duk baƙin cikin da injin ya dura mata haɗiye shi take yi, ba ta taɓa kai ƙara ba. A zamaninta, muryar motar ba ta wuce "hmmmm" ba, irin gyaran muryar dattijo mai neman izinin shiga gida.

Da wannan murya Baba ya san motarsa. Ga waɗanda ba su sani ba, mahaifina tsohon direba ne, kuma yau shekara biyu ke nan da idanunsa suka yi rauni. Kullum da yamma yana kan kujerarsa a ƙofar gida, rediyo a gefe, sanda a jingine, kuma tun daga kwanar layi yake cewa, "Ga ta nan tafe." Ranar da ya miƙo mini makulli, maganarsa gajera ce: "Ba ta gudu, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kada kowa ya kwanta a ƙarƙashinta sai tsohon bakanikena. In ka saɓa, ka ajiye mini makullina."

Ajali ya faro ne daga gangaren da ke hanyar wurin aikina. Motar ta fara nauyi wajen hawa, har wata safiya keke mai ƙafa uku, ɗauke da katifa, ya wuce ni, direbansa yana ɗaga mini hannu cikin ladabi. Na kai kukana ga abokin aikina Injiniya, wanda ya samo wannan suna daga gyaran fankar ofis. Bai ko leƙa motar ba ya yanke hukunci. "An shaƙe mata wuya ne, abokina. Cire abin nan na cikin salansa ka ga doki. Duk masu wayo sun cire."

Ina so a shaida cewa ban yi gaggawa ba. Kwana uku ina bincike a waya. Na rubuta tambayoyi bakwai a takarda, na kai wa bakaniken da Injiniya ya haɗa ni da shi, wanda ake kira Minti Biyar. Ya amsa duka bakwai ɗin daga ƙarƙashin motar, da amsa guda: "Ba matsala, yallaɓai." Kafin in ninke takardata, ya yanke marigayiyar, ya liƙa miƙaƙƙen bututu a gurbinta.

A nan ne ilimina ya yi mini rana. Da yake diflomata a fannin tsaftar muhalli take, sai na tambaye shi yadda zai zubar da gawar ba tare da ta gurɓata ƙasa ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Haba yallaɓai, kai da farar riga? Bar mana wannan wahalar." Ya naɗe ta a buhu, ya sa a akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo. A zuciyata na yaba da irin wannan kula da muhalli, har na ƙara masa wani abu na ɗawainiya. Sai daga baya na ji cewa a cikin saƙar zumar nan akwai ƙarafa masu daraja, kuma masu sayensu sun fi masu sayen mota yawa a bayan garejin.

Game da dokin da aka yi mini alkawari, ga sakamakon awo, domin na auna da agogo. Kafin rasuwarta, motar tana hawa gangaren a daƙiƙa hamsin da takwas. Bayan rasuwarta, hamsin da bakwai. Na maimaita sau biyar don kada in zalunci kowa. Sau ɗaya ma hamsin da tara na samu. Abin da ya ƙaru shi ne murya. Yanzu in na tayar da ita, "ɓaɓaɓaɓa" take yi, in na ɗaga ƙafa ta ce "faf! faf!", har kajin maƙwabta sun sauya wurin kiwo. Mai kuwa, tana shan sa kamar da gayya. Keken nan ya sake wuce ni ranar Litinin, wannan karon da katifa biyu.

Da abin ya ishe ni, na sunkuyar da kai na tafi wurin tsohon bakaniken Baba, inda ya kamata in fara zuwa. Ya saurari injin, ya sauya fulogi huɗu masu ba injin wuta, motar ta haye gangaren a daƙiƙa arba'in. Ashe ciwon yana gaba, aka yi fiɗa a baya. Ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe bai fito ba, sannan ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau aka yanka ta. Ni ba zan faɗa wa babanka ba. Ba na cin tuwon wani." Saboda haka ina wanke marigayiyar a bainar jama'a: ba ta taɓa shaƙe kowa ba.

Ta rasu ta bar bututun salansa, wanda tun ranar yake kuka ba dare ba rana. Da 'yar na'urar da ke bayanta mai auna hayaƙi, wadda ta zama marainiya, take aika wa inji rahotannin firgici. Da fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba, wadda ta kunnu a ranar, ta kuma rantse ba za ta mutu ba sai an dawo da uwar ɗakinta. Cikin masu jimami akwai Umma, wadda ta zauna a kujerar baya sau ɗaya ta sauka tana hawaye, ta ce, "Wannan mota ko murhun ɗanyen itace?" Akwai kuma ni, mai takardar shaida a kan illar hayaƙi, wanda yanzu yake rarraba shi kyauta daga gida zuwa ofis.

Ya zama wajibi in yi bayani ga maƙwabtan da suka ga wani abu suka yi shiru. Kwana tara ke nan ina kashe motar a kwanar layi, gaban mai shago, in tura ta da hannu har ƙofar gida, da safe kuma in tura ta waje kafin in tayar. Na ce wa Baba tattalin mai nake yi. Ya ce madalla. Jiya da yamma, ina tsaye ina share gumi, ya rage muryar rediyo ya ce, "Ɗan difloma, matso. Wane janareto ne yake rako ka kullum har kwanar layi, ya mutu, sai kuma in ji kana haki?" Na ce zan bincika. Ya ce, "Bincika a hankali. Ni ido kawai na rasa."

Game da jana'iza, ina baƙin cikin sanar da cewa babu gawa. Na koma garejin neman ta, Minti Biyar ya ce in ba shi minti biyar, kuma har yanzu ana ba shi. Duk da haka za a yi zaman karɓar gaisuwa gobe Asabar, bayan la'asar, a ƙofar gidanmu. Ana roƙon masu zuwa su taho da abin toshe kunne, masu ciwon ƙirji kuma su aiko da saƙo. An ɗauke wa Injiniya wahalar halarta. In ya matsa, ya tsaya inda sanda ba ta kaiwa.

A wurin zaman, zan tayar da motar a gaban mai ita, karo na farko tun bayan rasuwar, domin ya ji da kunnensa abin da na mayar da amanarsa. Daga nan zan ajiye makulli kusa da rediyo, kamar yadda aka yi sharaɗi. Ko zai sake miƙo shi, ko zan koma jiran motar haya da takardar diflomata a hammata, wannan hukuncinsa ne.

Yaya, ke kike karanta wa Baba saƙonnin zauren iyali na waya kowace safiya. Ina roƙon ki karanta masa wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai, kada kuma ki yi dariya a wurin katifa.

Baba, na gama binciken. Ba janareto ba ne.

Sanarwa daga ɗanka,
mai riƙe da makulli zuwa gobe.