Waƙar Turawa da Doguwar Kakar Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da wata tsohuwar waƙar Turawa ta ja mini ranar auren ɗana Sani.

Waƙar a Kwatano na san ta, lokacin da nake ci-rani ina dako a bakin ruwa. Mai sanyi ce, da jita da wani namiji mai murya kamar ana zare mishi rai a hankali. Ban shiga lekol ba, wato boko, ban san kalma ɗaya a cikinta ba, amma tana sauke mini gajiya. Da Sani ya saya mini waya, ita na ce ya sa mini a kira.

Mun taso daga Kore Mairuwa da safe zuwa Dogon Dutsi. A mota ƙanena Bawa ya raɗa mini:

"Yaya, ka kama kanka. Kakar amarya 'yar Lugu ce, garin 'yan bori. An ce akwai Doguwa a kanta, in ta ji kiɗa sai ta hau."

Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar iska. (Na taɓa kwana biyu ban bi ta gindin tsamiya ba don kawai akuya ta yi atishawa a wurin.)

Kafin ɗaurin aure aka shiga da ni in gaida tsohuwar. Tana kan tabarma, mata kewaye da ita. Na durƙusa, ban gama "ina kwana" ba, sai wayar ta ɗau kiɗa. Na lalubi aljihun babbar riga, na rasa bakinsa. Tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Bar shi!"

Ta rufe ido. Ta miƙe, ita da aka ce sai an tallafe ta. Ta buɗe hannuwa kamar ta rungumi wani da ba mu gani, ta shiga rangaji, hawaye na zuba. Na ce shi ke nan, uban ango ya tayar da Doguwa a gidan surukai. In matar nan ta faɗi, an fasa auren Sani, ni kuma iska ta bi ni gida ta shanye mini ƙafa.

Ban san sa'ad da na cire hula na kife goshi a ƙasa ba.

"Ranki ya daɗe, Uwar Daji, na tuba! Wallahi ba ni na kira ki ba, waya ce! Na yi alkawarin baƙin bunsuru, ki bar mini ƙafafuna!"

Kiɗa ya tsaya. Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi, har da uwar amarya da ya kamata ta ji kunyata.

"Kai ɗan nan, mi kake yi a ƙasa?" in ji tsohuwa. "Wace Doguwa? Wanga ai silo ne, kiɗan rawar rungume ta Turawa! Da shi muka yi rawa a Yamai da marigayi maigidana, yana ma'aikaci."

Ina durƙushe da ƙasa a goshi ta ba ni tarihin waƙar da na yi shekaru ina yawo da ita. Wai wasu abokai ne suka haɗa ƙungiya, mawaƙinsu ya yi ta don matarsa da ta gaji da yawonsa ta tafi. Sauran ba su so ta ba, sun ce ta yi sanyi da yawa. Ita ce kuma ta fitar da su duniya, daga baya suka ɓata a kan wa ya fi wani, kowa ya kama gabansa.

Sai ga Bawa ya leƙo, ashe shi ne ya kira yana nemana. "Bawa, sake kiran yayanka," ta ce, "ban gama ba."

An ɗaura aure lafiya. Da za mu tafi ta aiko a tuna mini cewa alkawari kaya ne, kuma ita ba ta ƙin naman bunsuru. Na kai mata. Yanzu duk Dutsi "Surukin Doguwa" ake kirana.

Abin da na koya: in ka ga tsohuwa na rangaji, fara tambayar inda ta yi ƙuruciya kafin ka taɓa garkenka.