Gidan Tarihin Da Ke Bayan Masu Faci

Wani ne, direba a wani ofis a babban birni. Shekara tara yana tuƙi a matsayin ɗan wucin gadi, kullum ana ce masa takardar zamansa cikakken ma'aikaci tana kan tebur. Mutumin ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ya fi shi gudu. Ko zancen jirgin sama ake yi, sai ya ce saura kaɗan ya taɓa tuƙa shi.

Sai ofishin ya shirya babban taro a otal. Baƙi suka zo daga ƙasa da ƙasa, kwana uku suna zaune cikin sanyi suna gyaɗa kai. Aka ware ranar ƙarshe don a zaga da su gari. Da safe sai labari ya zo wai mai zagayawa da baƙin zazzaɓi ya kayar da shi.

Darakta ya fito yana share gumi. "Wa ya san garin nan?"

Mutuminka ya yi caraf. "Yallaɓai, kamar yunwar cikina!"

Darakta ya miƙa masa takarda. "Wuri uku ne. Hasumiyar tsakiyar gari, gidan namun daji, gidan tarihi. Ka ga Farfesan can mai farin gemu? Aminin shugabanmu ne. In suka dawo suna yabo, gobe zan sa hannu a takardarka. In aka samu matsala, ka ajiye min makulli ka san inda ka nufa."

To gaskiyar magana, hanya uku mutumin nan ya sani a duniya: gida zuwa ofis, ofis zuwa gareji, sai ta gidan surukansa, ita ma sai matarsa ta nuna masa kwana. Amma ya riga ya cika baki, kuma yana ganin tsayawa tambaya a gaban baƙi zubar da girma ne. Ya kwashi mutum goma sha takwas a bas, kowa da katin taro rataye a wuya da ɗan littafin rubutu.

Hasumiyar dai ga ta can ana hango tsininta. Ya nufe ta, hanya ta karkatar da shi. Ya sake nufarta, ya tsinci kansa a wani ƙaton shatale-tale mai mafita shida. Ya zaga. Ya sake zagawa. A zagaye na biyar ɗan sandan da ke wurin har ya fara ɗaga masa hannu.

Farfesa ya leƙo. "Malam direba, lafiya muke ta juyi?"

"Don ku ga hasumiyar ta kowane ɓangare, yallaɓai."

"Ai bishiya ta rufe ta."

"Shi ya sa za mu ƙara."

Wata mata mai tabarau ta miƙo waya. "Ga taswira, ta ce ka bi dama."

"Ranki ya daɗe, wayar nan baƙuwa ce irinku. Ina ta san gari?"

Ku dai kun san mutanen taro. Ko me ka faɗa, in dai ka faɗe shi da ƙarfi, sai su gyaɗa kai su rubuta.

Ana cikin haka sai ya hango babbar mota ɗauke da shanu. Ya ce a ransa, dabba ai ba ta da wurin zuwa sai wurin 'yan uwanta. Ya liƙe mata a baya, hayaƙi na turnuƙe su, har ta kai su kasuwar dabbobi a bayan gari.

Ya ja birki. "Jama'a, gidan namun daji!"

Baƙi suka sauko suna tsallake kashin shanu. Wani dogo ya ce shi tunda yake yawo bai taɓa ganin gidan namun dajin da ake tambayar mutum guda nawa yake so ba. Wata akuya ta miƙe tsaye ta cinye rabin katin mai tabarau.

Farfesa ya duba gabas da yamma. "Ina zakin?"

"Ya yi tafiya, yallaɓai."

"Zuwa ina?"

"Taron ƙara wa juna sani. Kwana uku, kamar naku."

Suka tafa. Suka rubuta.

Saura gidan tarihi. Nan fa babu wata motar da za a bi a baya. Ya yi ta tuƙi yana addu'a, hannunsa kuwa abin da ya saba shi yake yi. Bai ankara ba sai ga shi ya shiga layin masu faci, ya sha kwana, ya tsaya a ƙofar gidansa.

"Minti biyu, bari in ga mai kula da wurin."

Ya faɗa ciki a guje. Matarsa na tsakar gida tana wanki. Ya zube a gabanta.

"Maman yara, ki rufa min asiri! Baƙi na kawo. Na ce musu nan ne gidan tarihi. In ba haka ba takardata ta tafi."

Ta dube shi. Ta dubi katangar da ta tsage. Ta goge hannu a zane.

"Gidan tarihi? Yau kam ka faɗi gaskiya. Shigo da su."

Wallahi ko wanda aka biya ba zai yi aikin da matar nan ta yi ba. Ta jera su, ta gyara murya.

"Wannan firji ne. Ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Yanzu takalma ne a ciki. An yi alkawarin gyara shi sau goma sha huɗu."

Suka rubuta goma sha huɗu.

"Wannan kujera ce mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Kada a zauna. Waccan fanka ce, da sanda ake tayar da ita. Bokitan nan huɗu da kuke gani a tsakar ɗaki ba a matsar da su, kowanne da ramin da yake jira a rufi. Wannan kuma keken ɗinki ne. An kwance shi wata Asabar da safe, za a ɗaure kafin yamma. Yaron da ke goye a lokacin yanzu yana sakandare."

Dogon nan ya ce kai, an adana komai yadda yake. Ta ce ai ko tsinke ba a taɓa ɗagawa ba.

Suka iso gaban wani hoto a bango: saurayi siriri, suma cike da kai, ya dafa motar mutane yana murmushi.

"Wannan shi ya kafa wurin," in ji ta.

Mai tabarau ta ɗauki hoton, ta haɗa da na firji da na bokitai, ta tura zauren hirar 'yan taron da ke waya, ta rubuta cewa ba su taɓa ganin gidan tarihi mai rai irin wannan ba. Darakta kuwa yana cikin zauren, kuma wannan hoton ne a manne a fayil ɗin direba tun shekara tara.

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar mutuminka ta ɗauki ƙara. Ya duba, ya ga sunan Darakta, ya mayar aljihu. Wayar ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

Farfesa ya shafa gemu, ya nuna hoton da biro.

"Baiwar Allah, tambaya ɗaya. Irin mutanen da suka zauna da iyalinsu a haka, sun ƙare ne, ko akwai sauransu?"

Ta nuna bakin ƙofa da baki.

"Saura guda ɗaya, yallaɓai. Ga shi can aljihunsa na kuka. Ku yi maza ku ɗauke shi hoto, yau shi ma zai zama tarihi."